Suna ɗaya a kai, farashi kala uku: me ake biya a jitar bes? 🧵

1/ Jama'a, tambayar da matasa masu kaɗa bes suka fi yi min ita ce: "Wai Fender ta Amurka da ta Meksiko akwai bambanci, ko suna kawai ake saya?" Shekara 12 ke nan ina kaɗawa a biki da situdiyo. Ga abin da hannuna da kafaɗata suka gaya min.

2/ Maganar tana da nauyi fa, don da dala ake sayen kayan nan. Mutum zai yi shekara biyu yana tari, kuma idan ta iso hannunka ba shagon da za ka mayar wa. Saboda haka gara ka san abin da ƙarin kuɗin ke saya kafin ka tura.

3/ Mu fara da Fender. Su suka fito da Precision a 1951, sai Jazz a 1960. Yau suna da matakai: Squier daga Asiya, Player daga Ensenada a Meksiko, American Professional II da Ultra daga Corona a Kalifoniya, sannan Custom Shop da aka buɗe a 1987.

4/ Ka ajiye Jazz ta Meksiko kusa da ta Corona, daga nesa tagwaye ne. Ta Meksiko ba ta kai dala 1,000 ba, ta Corona kusan ninki biyu. A duka masana'antun biyu inji ne ke yanka katakon, kwamfuta na jan shi. Siffar jikin dai ba ita kake biya ba.

5/ To me ke nan? Wuya. A cikin wuyan American Professional II akwai sandunan girafait da ke taimaka wa sandar ƙarfen da ke miƙar da shi. Ba a ganinsu a hoto, ba a jinsu a lasifika, amma su ne ke rage yawan lanƙwashewar wuya idan yanayi ya sauya.

6/ Mu kuwa yanayinmu ba ya wasa. Hunturu ya busar da katako, wuya ya tsuke, bakin ƙarafunan firet ya leƙo waje ya riƙa kankare maka yatsa. Damina ta zo, katako ya sha laima, tsirkiya ta kwanta tana ƙara "zzz". Sau biyu a shekara, kowace shekara.

7/ Akwai wata bes da na riƙe na tsawon lokaci, ba sai na faɗi kamfani ba. Sautinta wallahi daɗi, amma duk Disamba sai na nemi mai gyara, kuma mai gyaran da ya san bes sai an yi tafiya. Tun daga nan wuya nake fara dubawa kafin in saurari sauti.

8/ Amma a yi adalci, tazarar tana raguwa. Player II da ta fito a 2024 ta zo da gefen wuya da aka goge ya yi santsi, abin da a da sai a manyan layuka. Ta Meksiko ta yau ta fi ta shekarun baya kyau a hannu.

9/ Misali na biyu ya fi fito da maganar fili: Sadowsky. Roger Sadowsky ya buɗe shagonsa a New York a 1979, yana gyara wa mawaƙan situdiyo kaya. Shi ya yi aiki a kan Jazz ɗin Marcus Miller ta 1977, wadda duk ɗan bes ya san muryarta.

10/ Daga baya aka samu layin Metro da ake haɗawa a Japan. Tun 2020 kuma kamfanin Warwick ne ke yin MetroLine a Markneukirchen ta Jamus, MetroExpress kuma a Sin. Shagon New York na nan yana yin nasa, kaɗan-kaɗan, kan sama da dala 5,000.

11/ Duka ukun suna ɗauke da firi-am na Sadowsky, wato 'yar na'urar batir da ke cikin jikin jitar, mai ƙara kaurin sauti da kaifinsa, ba ta ragewa. Shi ya sa idan ganga da fiyano suka shigo, da wuya ɗan biki ya gane wacce ce a hannunka.

12/ Inda ta New York ta yi fice shi ne nauyi. Ana rarake cikin jikinta, sau da yawa ba ta kai kilo 4 ba. Wanda bai taɓa tsayawa awa biyar a wurin dina da bes a rataye ba zai ce rabin kilo ba komai ba ne. Je ka tambayi bayansa washegari 😅

13/ Abu na gaba shi ne lokacin mutum. A ƙaramin shago ana zaɓar katako ɗaya bayan ɗaya, a daidaita firet, a bar wuya ya zauna, a sake dubawa. A layin da ke fitar da dubbai ba wanda ke da wannan sa'o'in. Albashin wannan haƙurin kake biya.

14/ Ga yadda abin ke bayyana: ka ɗauki goma daga babban layi, kusan duka za su yi kama. Ka ɗauki goma daga ƙaramin layi, za ka samu wadda ta yi fice, ka samu wadda ke neman gyara. Mai zuwa shago ya gwada zai tsinci mai kyau. Mai oda daga nesa kuwa sai abin da kwali ya kawo.

15/ Haka yake a Music Man. StingRay ta fito a 1976, ana yin ta a San Luis Obispo. A 2018 suka sabunta ta zuwa StingRay Special: gasasshen wuya, firi-am mai bolt 18, an rage nauyi. Ƙanwarta Sterling kuma daga Asiya take zuwa.

16/ Gasasshen wuya ɗin nan ku lura da shi. Ana gasa katakon ne har laimar cikinsa ta fita, sai ya rage shan iska da tsukewa. Kuma Sterling Ray34 ma tana da shi. Ka ga abin da ya fi mana amfani a hunturu ya sauko layin da aljihu zai iya kaiwa.

17/ Wani zai ce, ai idan ka tashi sayarwa ta Amurka ta fi riƙe daraja. Gaskiya ne, a kasuwarsu. A nan kuwa mutum nawa ka sani da zai ƙirga maka kuɗin Custom Shop a kan bes ta hannu? Ka saya don kaɗawa, kada ka ɗauke ta kamar fili.

18/ Ni dai ra'ayina: daga ƙaramin layi zuwa na tsakiya, kowace dala tana aiki, hannunka zai shaida. Daga na tsakiya zuwa na ƙoli, kana biyan ninki biyu ko uku don ƙarin da kai kaɗai za ka ji. Idan bes ce ke ciyar da gidanka kullum, ya halatta. In ba haka ba, tsaya a tsakiya.

19/ Ragowar kuɗin ka sa a amfilifaya mai kyau, sabuwar tsirkiya, akwati mai tauri, da mai gyara da ya iya aiki. Bes ta Meksiko da aka daidaita da kyau ta fi ta New York da aka jingine kusa da taga tun Nuwamba.

20/ Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya ɗora ta a sikeli ya turo maka hoto, ya faɗi irin wuyan da ke jikinta, ya nuna lambar da ke kanta don ka san ƙasar da aka yi ta. 'Yan bes na nan, wacce ce a hannunku, kuma ya take yi da hunturu?