Zaurenmu Ya Tsage

Daminar bara ce ta tsaga zauren gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo. Indararo ya toshe, ruwa ya kwana a kan rufi, da gari ya waye sai ga tsaga tun daga gindin zanko har ƙasa. Muka taru mu 'ya'yan gidan, na Kano da na gida. Yayanmu ya ce a rushe a sa bulo da kwano, kowa ya huta. Sauranmu muka ce a fara kiran magini tukuna.

Magini ɗaya ya rage mana, dattijo ne da ya haura saba'in. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya daɗe yana kallon bakan gizo. Sannan ya ce, "Yara, azarar nan lafiyarta ƙalau. Ku ne kuka bar yaɓe."

Ba mu yi musu ba. Tun rasuwar mahaifinmu ba wanda ya hau rufin.

A bakinsa muka fara jin yadda aka yi ɗakin da muka girma a cikinsa. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Bango yakan yi kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa. Azara kuwa giginya ce aka faskara. Gara ba ta cin ta, amma in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita biyu sai ta lanƙwashe. Maganin wannan shi ne bakan gizo: a jera azara hawa-hawa daga bangon nan da wancan, kowace ta ɗan ɗara ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a sama. Daga nan sai makuba, ta ɓawon ɗorawa, da katsin marina don tare ruwa.

Muka tambaye shi, "Baba, a ina aka rubuta duk wannan?" Ya yi dariya. Ya ce yana ɗan shekara goma yake jefa wa mahaifinsa tubali a kan bango, karatun ke nan.

Abin ya tsaya mana a rai. Tarihin Kano ya faɗi cewa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Bai faɗi yadda aka ɗaura azara ko ɗaya ba. A 1570 kuwa Palladio ya buga littattafansa huɗu na gini a Italiya, da zane da awo. Sinan, babban maginin Santambul, kafin ya rasu a 1588 ya sa an rubuta labarinsa da jerin gine-ginensa. A nan, maginin da sunansa ya fi tsira shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, mai Masallacin Juma'a na Zariya, shi ma sai a ƙarni na 19.

Ba ma ganin laifin magabata. Ginin da ake yaɓewa kowace shekara yana koyar da yaran gida da kansa, ba a buƙatar takarda muddin akwai mai jefa tubali. Amma 'ya'yan Baba biyu ne maza, ɗaya na sayar da waya a Kano, ɗaya direba ne.

Mun gyara zauren da rani. Katsi ya fi ba mu wuya, sai daga birni aka samo. Ƙanenmu ya ɗauki aikin duka a waya, Baba bai hana ba, ya dai ce waya ba za ta gaya masa ko kwaɓi ya yi ba, sai ya cire takalmi ya taka. Ya cire, ya taka, Baba ya ce da saura.

Damina ta shiga, rufin bai zubar ba tukuna. Yayanmu ya ce in ya sake tsagewa, shi kam bulo zai sayo.