Awa Ɗaya a Gidan Goggon Biri

Duk wanda zai shiga dajin Bwindi na ƙasar Yuganda don ganin goggon biri, sai ya ajiye dala 800 in daga wajen Afirka ya fito. Mu 'yan sauran ƙasashen Afirka, dala 500 ake karɓa a hannunmu. A maƙwabciyarsu Ruwanda kuwa, dala 1,500 ne. Abin da wannan kuɗi ke saya wa mutum awa ɗaya ce tak a gaban dabbobin, tana cika a ce masa ya juya. Ga ɗan Kausani ta ƙasar Wudil irina, da ya tashi ya ji ana lissafa biri cikin maɓarnatan gona, wannan ciniki bai shiga kai ba. Shi ya sa da aiki ya kai ni Kampala na daure na biya, don in ga abin da ke jawo mutane daga Amurka da Jamus da Japan zuwa ƙuryar wani daji da ke bakin iyakar Kwango.

Tafiyar wuni guda ce a mota. Ana bi ta Masaka, a wuce Mbarara, ƙasar shanun Ankole masu dogon ƙaho. Ɗan Wudil ba ya wuce garke bai duba ba, don haka sai da na roƙi direba ya tsaya. Daga nan hanya ta fara hawa, kwalta ta ƙare, sanyi ya shigo. Bakiga, manoman yankin, sun nome tsaunukan nan tun daga gindi har ƙoli: ayaba, wake, dankali, ganyen shayi. Babu fili ko na shanya. Sai kwatsam gona ta tsaya, daji ya tashi, baƙi ƙirin don duhuwa. Kunyar ƙarshe ta manomi tana jingine da itacen farko na gandun. Wannan layi shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tafiyar.

Dajin bai wuce murabba'in kilomita 330 da ɗan kai ba, amma wurin da ya fi tudu ya haura mita 2,600. A 1991 gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa, a 1993 aka fara kai baƙi wurin iyalin da ake kira Mubare, a 1994 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Ta ƙofa huɗu ake shiga: Buhoma, Ruhija, Rushaga da Nkuringo. Ni ta Buhoma na bi.

Da sassafe ma'aikatan gandun suka tara mu suka karanta mana ƙa'ida. Mutum takwas kawai ake kai wa kowane iyali a rana. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ba ya shiga. Mai mura ko tari ya haƙura. Kowa zai rufe hanci da baki da takunkumi, ba ci ba sha a kusa da su, ba a haska musu fitilar kyamara. In babban namijin ya taso, kada a gudu. A durƙusa a kau da ido. Tun kafin mu taru, masu bin sawu sun riga sun shiga daji. Sukan fara daga inda iyalin ya kwana jiya, domin kowane dare goggon biri yakan tanƙwara ganye da rassa ya yi sabuwar shimfiɗa, su bi karyayyun tsirrai da kashi har su cim musu, sannan su sanar da jagora ta rediyo.

Hawan ba wasa ba ne. Ƙasa santsi, ganye na ƙaiƙayi, jagora na gaba yana sare hanya da adda. Wata 'yar dako ce ta ɗaukar mini jaka, a wurare masu tsauri kuma ita ke miƙo mini hannu. Yawancin 'yan dakon nan daga ƙauyukan gefen dajin suke, kuma ba kullum layi ke zuwa kansu ba. Duk mai zuwa, ko yana jin ƙarfi, ya ɗauki ɗan dako. Wannan ne kuɗin da ke shiga gidan talaka kai tsaye.

Wari muka fara ji, sannan ƙarar karyewar itace. Jagora ya yi wani gurnani a maƙogwaro, irin wanda su kansu ke yi in suna cikin kwanciyar hankali. Sai ga mai gidan zaune, gadon bayansa fari fat da furfura, yana fere wani kara da haƙori yana cin ɓargon. Namiji irinsa kan kai kilo 160 ko fiye, kuma ganye da saiwa da 'ya'yan itace ne abincinsa. Ya dube mu sau ɗaya ya ci gaba da abin da yake yi. Wata uwa tana kwance ɗanta na tsotso, hannunta ɗaya tallafe da ƙeyarsa. Na ga farcenta, na ga zanen tafin hannunta. Ban san sanda na ce Subhanallahi a fili ba, har jagora ya waiwayo ya sa yatsa a baki.

Zamansu zaman gandu ne irin na kakanninmu. Mai gida ke yanke inda za a yi kiwo da inda za a kwana, shi ke raba faɗa, shi ke tare abokin gaba. Furfurar bayan takan fito ne wajen shekara 12. Mace in ta balaga sau da yawa takan bar gidan ubanta ta koma wani. Ciki wata takwas da rabi ne, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa kusan shekara huɗu. Wannan jinkiri shi ya sa mutuwar ko guda ɗaya babbar asara ce. Ma'aikata sun san kowanne da sunansa, suna bambance su ta zanen da ke saman hanci, wanda ba ya zuwa ɗaya. Kafin iyali ya saba da mutum har a kai masa baƙi, sai an yi kusan shekara biyu ana binsa kullum.

A 1981 an ƙirga goggon birin tsaunukan Virunga, inda Ba'amurkiya Dian Fossey ta yi aikinta har aka kashe ta a 1985, aka samu 254 kacal. Wata ƙidaya da aka yi shekaru da yawa bayan haka ta nuna 604 a can, ta Bwindi ta 2018 kuma 459. Jimillar goggon birin tsauni ke nan, 1,063 a duk duniya. Babu wani babban biri da yawansa ke ƙaruwa sai su. Kuɗin baƙi ne ke biyan masu gadi da likitocin dabbobi, wannan ba a musunsa.

Amma akwai waɗanda suka biya abin da ya fi dala. Batwa, mafarautan da suka rayu cikin dajin nan tun kafin zuwan kowa, an fitar da su a 1991, mafi yawa ba fili ba diyya. Yau wasunsu rawa suke yi wa baƙi, suna nuna yadda kakanninsu ke haƙa wuta da ɗebo zuma a dajin da aka haramta musu. Na kalla, raina bai yi daɗi ba. Sai manomin bakin layi: goggon birin da ya daina tsoron mutum yakan fito ya farke masa ayaba ya cinye cikin, shi kuwa ba shi da ikon ɗaga sanda. Akwai 'yan sa-kai da ake kira su kora su cikin daji, a Nkuringo kuma an shuka shayi a tsakani domin ba sa cinsa. Doka ta ba ƙauyuka kashi 20 cikin ɗari, amma na kuɗin shiga ƙofa, da dala 10 a kan kowace takardar izini. Dala 10 cikin 800 ta yi kaɗan ƙwarai.

Kusancin yana da haɗari ga dabbobin ma. A 1996 ƙazuwa ta kama wani iyali har jariri ya mutu. Dakta Gladys Kalema-Zikusoka, likitar dabbobin dawa ta farko a hukumar kula da namun dajin Yuganda, ta bi diddigi ta ga daga mutanen gefen daji cutar ta fito. A 2003 ta kafa ƙungiyar da ke kula da lafiyar ƙauyawa domin a tsare lafiyar biran. Da korona ta rufe gandun a 2020, dako ya tsaya, masu tarko suka koma daji, a watan Yuni aka soke Rafiki, mai gidan iyalin Nkuringo, da mashi. Wanda ya kashe shi ya sami ɗaurin shekara 11.

Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne. A 2003 an mayar da goggon biri biyu da aka ƙwace a Kano zuwa Limbe ta Kamaru, kuma ba a raba jaririn wannan dabba da danginsa sai an zubar da jini. A Kuros Riba muna da namu irin, waɗanda ba su kai 300 ba tsakaninmu da Kamaru. A tsaunukan Mbe ƙauyuka tara ne da kansu ke tsaron su, kuma a 2020 kyamarar da aka ɗaure a itace ta ɗauko su ɗauke da jarirai.

Jiharmu ta Kano ba ta da goggon biri a dawa, amma tana da Falgore, wanda ya ninka Bwindi girma. Yau in an ambace shi, ɓarayin shanu ke fara faɗo wa mutum a rai. Duk ranar da gwamnatin Kano ta tashi farfaɗo da shi, ina roƙon ta fara zama da manoma da makiyayan Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, a rubuta kasonsu cikin doka kafin a kafa shinge, a ɗauki 'ya'yansu gadi da jagora, kuma kada a tashi kowa daga inda yake sai an nuna masa inda zai koma.