Fayil ɗin Bai Ɓata ba, Adireshin ne Bai Cika ba

'Yan uwa masu koyon PHP, ga wani abu da ke hana mutane barci. Ka umarci file_put_contents ya rubuta a "rajista.txt", ka gwada a burauza, fayil ya fito kusa da index.php, ka yi hamdala. Sai ka ɗora aikin a kan cron ya riƙa gudana da ƙarfe biyun dare. Gari ya waye, babu saƙon kuskure, fayil kuma yana nan yadda ka bar shi.

Rubutu fa an yi. Leƙa foldar gida ta asusunka a uwar garken, za ka tarar da wani rajista.txt a zaune, domin daga can cron ke fara aiki.

Guntun adireshi kamar kwatancen "bayan masallaci, hannun dama" ne, amfaninsa ya dogara da inda mai tafiya yake tsaye. PHP ba ya duba inda fayil ɗin kod ɗinka yake, foldar da ake aiki a cikinta a lokacin yake dubawa, kuma wanda ya tayar da aikin ne ke zaɓar ta. Shi ya sa idan shafin admin/index.php da babban index.php suka jawo kod ɗaya da include, sai ka sami rajista biyu masu suna ɗaya, kowace da rabin labari. Wannan ya fi ɓacewa muni, don sai ranar da ake neman wani bayani a gane. Littafin PHP kansa ya yi gargaɗi cewa a ƙarƙashin Apache foldar aiki na iya sauyawa cikin register_shutdown_function.

Maganin gajere ne: __DIR__ . "/rajista.txt". __DIR__ na nufin foldar da fayil ɗin kod ɗin yake ciki. Tun PHP 5.3 na 2009 ake da shi, kafin nan dirname(__FILE__) ake rubutawa.

Amma kar a ce cikakken adireshi ka je ka buga C:\xampp\htdocs da hannu. Ranar da ka koma Linux komai zai tsaya. DOCUMENT_ROOT ma ban yarda da shi ba, a cron fanko yake zuwa. Ni dai na fi son a ayyana tushen aikin sau ɗaya a fayil ɗin saiti, sauran su gina a kansa. Foldar rubutun kuma a fitar da ita daga public_html, in ba haka ba duk wanda ya cinci sunan fayil ɗin zai sauke shi a wayarsa.