Ledar Da Muke Riƙowa In Za Mu Dubiya



Cikin al'adunmu da ba su bar mu ba a zaman da muke yi a nan kudu, babu wadda nake alfahari da ita kamar dubiya. In aka kwantar da ɗan uwa a asibiti, ko ba ka san shi ba, da zarar an faɗa a masallaci ko an sa a WhatsApp za ka ga mutane sun yi tururuwa daga Agege, daga Idi-Araba, daga Mile 12, har sai ma'aikatan jinya sun fara cewa a riƙa shiga bibbiyu. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar kam muna kaiwa. Maganata a yau a kan ledar da muke riƙowa a hannu ce.

Ku leƙa ƙarƙashin gadon duk wani namu da aka yi wa tiyata. Katan ɗin malt ne, lemon kwalba, lemon kwali, biskit, burodi mai yanka-yanka, sai gwangwanin madara. Da wuya ka ga dafaffen ƙwai, da wuya ka ga kular farfesu. Ba rowa ba ce, don kuɗin katan ɗin nan ya isa a sayi kaza. Mun saba ne kawai, kuma shagon bakin ƙofar asibiti abin da yake sayarwa ke nan.

Sau biyu na yi jinyar wanda aka yi wa tiyata a garin nan. Ta farko ƙanwata ce da aka yi wa aiki aka ciro mata ɗa. Ta biyu wani yaro ne ɗan garinmu da ke dako a kasuwar Mile 12, ƙaba ta kama shi, ba shi da mata ba shi da uwa a Legas, maigidana ya ce a kawo shi ɗakin zaurenmu ya yi jinya. A tsakanin jinyar nan biyu na tambayi likitoci da nas-nas abubuwa da yawa, wasu har sun gaji da ni, kuma abin da na tsinta shi nake so in raba da ku.

Abu na farko da wata nas ta fahimtar da ni shi ne, ɗinkin da likita ya yi riƙo ne kawai. Zare ba ya haɗe fata, jiki ne ke saƙa sabon nama daga ciki, kuma da abin da mutum ya ci yake saƙa shi. Aikin ma ba na kwana bakwai ba ne kamar yadda muke ɗauka in an cire zare. Bayan mako 3 wurin bai wuce kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsa na da ba, sai ya kai wata 3 yake kusantar kashi 80. Duk tsawon wannan lokacin jiki na neman kayan gini, babbansu kuwa shi ne sinadarin gina jiki, wato furotin. Lafiyayyen baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Wanda aka yi wa tiyata kuma buƙatarsa kan kai giram 1.2 zuwa 1.5. Mutum mai kilo 60 ke nan yana neman giram 70 zuwa 90 kullum. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Yankan kifi kamar tafin hannu ya kai giram 20. Kofin dafaffen wake ya haura giram 10, kofin madara wajen giram 8. To ku lissafa da kanku abin da mutum ya samu in ya wuni a kan koko da safe, farar shinkafa da miya da rana, shayi da burodi da dare. Cikinsa ya cika, amma ɗinkin bai samu rabonsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, abincin da majinyaci ya fi buƙata shi muka fi hana shi. Ranar da na soya wa ƙanwata ƙwai da albasa, wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta zo barka ta riƙe haɓa ta ce, “Ke 'yar nan, ƙwai za ki ba mai ɗanyen ciwo? Ai ruwa zai yi.” Na ce, “Inna, likita ne ya ce a ba ta.” Ta ce, “To, likitocin yanzu.” Ba ta faɗa da mugun nufi ba, abin da ta taso ta ji ke nan, kuma na ji irinsa a kan kifi, a kan gyaɗa, har a kan kuɓewa wai yauƙinta na hana ciwo bushewa. Abin da ke sa ciwo ya yi ruwa ko mugunya ƙwayoyin cuta ne da suka shiga wurin, ko sukari da ya hau, ko jikin da yunwa ta raunana. Ƙaiƙayin da ake ɗora wa kifi kuwa, ciwon da ke warkewa dama yana ƙaiƙayi. In dai mutum ba dama can jikinsa ba ya karɓar wani abinci ba ne, ko likita ya hana shi, babu dalilin raba shi da ƙwai da kifi.

Na san za a ce kaza da nama sun yi tsada, kuma gaskiya ne. Amma abincinmu na gida bai bar mu a baya ba. Alale da ɗan kifi a ciki, faten wake, awara, kunun gyaɗa mai kauri, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kindirmo, duk kayan gini ne. Yaron nan ɗan dako da su na yi jinyarsa, kaza sau biyu kacal na yanka masa. Zaman kudu ma ya ƙara mana wani abu: kifi ya fi sauƙin samu a nan fiye da gida, ga panla ga busasshen kifi a kowane lungu, ga ugu da ewedu, wanda shi ne lalon namu. Nono dai a tabbatar an dafa madarar kafin a yi shi, don majinyaci ba ya son gudawa a kan ɗinki.

Sai maganar ƙarin jini, wadda a nan ne malt ya samu sarautarsa. Kowa ya san haɗin nan na malt da madarar gwangwani da ake cewa yana mayar da jinin da aka rasa. Yana da daɗi, yana ba da ɗan kuzari na lokaci kaɗan, amma abin da jiki ke haɗa jini da shi sinadarin ƙarfe ne, kuma babu wani abin kirki daga cikinsa a malt ko a madara. Yana cikin hanta, jan nama, kifi, wake da ganyaye irin su alayyahu. Hanta sau ɗaya ko biyu a mako ta fi katan guda. Akwai kuma dabarar da likitan ƙanwata ya gaya mana: a haɗa abincin da lemon zaƙi ko gwaiba ko ɗanyen tumatir, don bitamin C na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen, shi ne kuma jiki ke amfani da shi wajen saƙa sabuwar fatar. Gwaiba ma, da muke rainawa, ta fi lemon zaƙi yawan wannan bitamin nesa ba kusa ba. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare hanya, don haka a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci da kuma ƙwayar ƙarin jini. Wannan ta yi wa yaron nan wuya, don ɗan shayi ne na gasken gaske, amma ya daure.

Sukarin da ke cikin lemon nan ba wasa ba ne. Gwangwani ɗaya kan kai cokalin shayi 8. Ga mai ciwon sukari wannan haɗari ne kai tsaye, don hawan sukari na jinkirta warkewar ciwo yana kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Da yawa cikin dattawanmu ma sai a gwajin kafin tiyata ake gano suna da shi. Ga wanda ba shi da ciwon kuma, lemon na cika masa ɗan cikin da ya rage. Mai tiyata ba ya jin yunwa sosai, loma biyar ya ture kwano. In ya sha kwalba biyu don kunyar 'yan dubiya, abincin kirki ba zai samu wuri ba. Abin da na ga ya yi aiki shi ne kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, kuma a fara ba shi ƙwan ko kifin kafin tuwon.

Akwai wata matsala da kunya ke hana majinyaci faɗa, musamman namiji a hannun matar da ba tasa ba. Kwana huɗu yaron nan bai zaga ba, bai gaya wa kowa ba, sai maigidana ne ya lura yana ƙin abinci ya tambaye shi. Magungunan kashe zafi irin su tiramadol na ɗaure ciki, ƙwayar ƙarin jini ma haka, ga kwanciya wuri ɗaya. Yunƙuri kuma a kan ɗinkin ciki wahala ce, ga tsoro. Gwanda, kankana, miyar ganye, wake, ruwa mai yawa, da ɗan tattaki a tsakar gida su ne suka warware masa. In abin ya ƙi a gaya wa likita, yana da maganin da zai bayar. Kada a ɗauko jiƙe-jiƙe, namu na gida ko agbon da ake yawo da shi a robobi, a ɗura wa mutumin da ke kan magungunan asibiti, ba a san me zai haɗu da me ba.

'Yan uwana mata, bari in taɓo jego, don a nan ne na fi shan surutu. Kunun kanwa al'ada ce mai tsohon tarihi, kuma iyayenmu suna ba da shi ne da niyyar ƙarfi da ruwan nono. Sai dai kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗora wa zuciya nauyi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a yankin, suka kuma alaƙanta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin da ake ba mai jego na wanka da kwanciya a gado mai wuta. Matar da aka yi wa aiki, sau da yawa hawan jini ne ma ya kai ta ɗakin tiyatar. Ita ce ta ƙarshe da ya kamata a ɗura wa kanwa. Ni kunun gyaɗa da na tsamiya na riƙa dama wa ƙanwata, ruwan nono kuma bai yanke ba. Da Innarmu ta kira daga gida tana tambaya ko an fara ba ta na kanwa, sai na ce, “Inna, likita ya ce jininta bai sauka ba tukuna, a dakata.” Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya ba da lafiya. Ban ga amfanin musu da uwa ba in akwai hanyar da za a bi a zauna lafiya.

Duk abin da na faɗa yana bayan umarnin likita ne, don tiyata iri-iri ce. A da ana barin mutum kwanaki ba ci ba sha sai ya fitar da iska. Tun daga shekarun 1990, bayan aikin wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Denmak mai suna Henrik Kehlet da wasu irinsa, asibitoci da yawa sun koma ba majinyaci ruwa da abinci da wuri, wani lokaci a ranar da aka yi aikin. Amma wanda aka taɓa masa hanji ko tumbi lissafinsa daban ne, kuma in an ce kada a ba shi komai ta baki, to ko ya yi magiya kada a ɓoye a ba shi. Mai ciwon ƙoda ba a cika masa furotin, nasa awon likita ne zai yanka. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tambaya kafin ya ƙara yawan ganye a abincinsa. Kafin a sallame ku ku tsaya ku tambaya da baki: me zai ci, me ba zai ci ba, har zuwa yaushe. In Turanci ko Yarbanci ne matsalar, a nemi ɗan uwa mai ji ya tsaya, kada a gyaɗa kai a fito ba a gane ba. Haka in azumi ya riski mutum da ɗanyen ɗinki, ya tambayi likita da malami, addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya.

Wanda na fi tausayi a wannan lamari shi ne gwauron da ya zo neman kuɗi: ɗan dako, mai gadi, ɗan acaɓa, mai turin baro. Ranar farko da ta biyu gadonsa cike da mutane. Ranar da aka sallame shi ya koma ɗakin da suke kwana su shida, kowa ya fita nema da asuba, shi kaɗai da garin kwaki da ragowar lemon dubiya. A mako na biyu kuɗin hannunsa sun ƙare, sai ka gan shi a kasuwa yana ɗaukar buhu, alhali an ce masa ya yi makonni bai ɗaga abu mai nauyi ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi kuma ba ruwan cikin ba hutun. Yaron da ya zauna a gidanmu sau biyu maigidana yana tare shi a ƙofa, yana cewa, “Yaya, jikina ya yi sauƙi, bari in je ko ɗan ƙaramin kaya ne.” Abin da ya zaunar da shi a ƙarshe shi ne abokan aikinsa da suka riƙa haɗa masa ɗan abin da zai aika gida.

Shi ya sa nake ganin da za mu riƙa raba kwanakin a tsakaninmu, da ya fi mu taru duka rana ɗaya. Gida kaza su ɗauki Litinin, gida kaza Talata, har a rufe mako uku ko huɗu bayan sallama, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Wanda ba shi da mai dafa masa ya sayi kiret ɗin ƙwai, ko mudun wake, ko busasshen kifi ya miƙa wa gidan da ke girkin. Wanda zai je asibiti kuma ya buga wa mai jinya waya tukuna ya ji ko an yarda majinyacin ya fara cin abinci da irin wanda aka yarda ya ci, sannan ya san abin da zai zuba a kula.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.