Injiniyan da ya riƙe ruwa amana

A Dosara ba mai kiran sunansa na yanka. Injiniya kawai ake cewa, kowa ya san wanda ake nufi. Ya haura shekara 80 kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma tun da muka kai shi makwanci nake juya rayuwarsa a raina, domin a wurinsa na ga ilimin boko da tsoron Allah sun zauna a ƙirji guda ba gardama.

Aikin madatsar ruwa ta Bakalori ne ya kawo shi ƙasarmu yana saurayi, da takardarsa ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. An soma aikin a 1974, fari bai daɗe da cin dabbobi da gonakin Arewa ba, aka kammala a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya tare Gulbin Sakkwato, aka sami tafki mai ɗaukar ruwa mita miliyan 450 a ma'aunin kubik, da nufin noman rani a kadada 23,000 tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun. A kan takarda abin gwanin sha'awa ne.

A ƙasa kuwa, ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban mutane, an tashi tsohon garin Maradun, manoman fadama na can gangare sun rasa ambaliyar da shinkafarsu ta dogara da ita. Maganar diyya ta yi ta jan ƙafa har manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 23 ne suka mutu. Mutanen yankin suna ƙirga ɗaruruwa. Ma'aikatan aikin da yawa sun ɗauke ƙafa daga ƙauyuka bayan wannan. Injiniya kuwa ya bi gida-gida gaisuwa, ya zauna kan tabarma, aka faɗa masa maganganu masu zafi ya haɗiye. Daga baya yakan ce mana sun auna ƙasa, sun auna ruwa, amma ba su zauna da masu ƙasar ba, kuma wannan nauyi zai je da shi gaban Allah.

A kan rabon ruwa ne na fi son in tsaya. Duk wanda ya yi noman rani ya san mai gona a bakin kanal yana shan ruwa har ya ƙoshi, na can ƙarshen layi sai abin da aka rage masa, in ciyawa da laka sun bari ya iso. Injiniya yakan idar da sallar asuba ya hau babur, ya soma duba ƙofofin ruwa daga ƙarshe ya dawo farko. Masu hali sun sha aika masa buhun shinkafa a lokacin girbi don a ƙara musu kwanan ban ruwa. Buhun yakan koma tun kafin magariba, da gaisuwa mai daɗi. Ban taɓa jin ya yi wa kowa wa'azi a kan haka ba. A ganina wannan ita ce ibadarsa mafi girma, ko da yake sahun farko bai taɓa rasa shi ba.

An yi masa tayin aiki a Kaduna da albashi mai tsoka, ya ƙi, saboda mahaifiyarsa ta tsufa kuma ba ta son birni. Ya riƙe marayun ƙanensa tare da nasa 'ya'yan, kwano ɗaya, makaranta ɗaya. 'Ya'yansa mata sun sauke Alƙur'ani sun kuma yi boko, a lokacin da ake yi masa gori a kan haka. Da yamma za ka same shi a zaure, allo a gefe, littafin lissafi a gefe, yana cewa, "Uwata, sake duba wannan layin."

Ya ga injinan feshin ruwa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ya ga an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, ya kuma ga shekarun nan da manomi ke fita gona da fargabar 'yan bindiga. Da aka zo gyaran kanal-kanal da tallafin Bankin Duniya ya riga ya yi ritaya, ƙafa ta yi nauyi. Duk da haka samarin ƙungiyar masu ban ruwa suka riƙa zuwa zaurensa, yana zana musu inda laka ke taruwa da inda bango ke yoyo, yana gargaɗinsu kada a tsara ranar sakin ruwa sai manoman ƙarshen layi suna wurin. Allah ya jiƙansa, ya albarkaci bayansa.