Riƙon yaro a ƙasar waje: abin da muka gani a Maroko

Tun da labari ya kai gida cewa mun ɗauki yaro riƙo, saƙonni ba su yanke ba. Wasu barka suke yi, wasu suna tambayar ko ya halatta, wasu kuma masu irin halinmu ne ke tambaya a ɓoye. Shi ya sa muka ga gara mu yi bayani sau ɗaya kowa ya ji.

Mu mata da miji ne ƴan Maraɗi, aiki ya kawo mu Kasablanka. Shekara 11 da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Da a gida muke, da tuni wani cikin dangi ya yaye ɗa ya ce ga naku, ba takarda ba alƙali. To a nan maganar baki ba ta sa yaro lakol, ba ta shigar da shi jirgi. Komai sai da hukuncin kotu.

Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ba ta yarda mutum ya mayar da ɗan wani nasa na jini ba. Abin da ake yi shi ne kafala, wato riƙo, kuma akwai dokarsa tun 2002. Sai kun kasance Musulmi, kuna da abin ciyarwa da lafiya, ba a taɓa ɗaure ku kan laifin lalata ko cutar da yara ba. A 2012 kuma aka tsananta wa baƙin da ba su zaune a ƙasar. Mu takardar zamanmu ce ta buɗe mana ƙofa. An zo an duba gidanmu, an tambayi albashi, kafin alƙali ya sa hannu muka ɗauko shi daga gidan marayu yana da wata takwas.

Abu uku ne suka fi hana mu barci, kuma su ne muke so ku ji.

Na farko suna. Ba ya amsa sunan maigida, kamar yadda Suratul Ahzab ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa. Hukuma ce ta raɗa masa suna tun kafin mu san shi, kuma ɗan Maroko ne a takarda. Riƙo bai mayar da shi ɗan Nijar ba. Ranar da aiki ya ƙare muka ce za mu koma gida, sai alƙali ya ba da izni kafin mu tafi da shi.

Na biyu muharramaka. Yaro zai balaga, alhali wadda ta goya shi ba muharramarsa ba ce. Malaman da muka tambaya, nan da gida duk Malikiyya, suka ce shayarwa cikin shekara biyun farko tana warware wannan. Muka nemi takardar tafiya, muka kai shi Maraɗi, ƙanwar uwargida da ke goyo ta shayar da shi a gaban shaidu. Yanzu uwargida innarsa ce ta nono.

Na uku gado. Ba ya gadonmu, ko sisi. In yau muka faɗi, dangi za su raba, shi ya tashi hannu wofi. Amma shari'a ta bar ƙofar wasiyya har kashi ɗaya cikin uku, ga kuma kyauta tun mutum yana raye. Mun rubuta, mun sa shaidu, mun gaya wa magadanmu baki da baki don kada a yi rigima bayan ranmu.

Abin da ya fi takardu nauyi kuwa shi ne bakin mutane. Mun ji an ce ɗan tsintuwa ne, ba a san asalinsa ba. Wallahi yaron nan bai zaɓi yadda ya zo duniya ba. Mun yanke shawara mu za mu fara gaya masa gaskiya, kaɗan-kaɗan daidai hankalinsa, kafin ya tsinta a bakin wani a wurin biki.

Ku da kuke da ɗan riƙo a gida, ku ma wannan magana ta shafe ku. Yara nawa ne suka girma a hannun goggo ko kawu, ran da mai riƙo ya rasu aka ce su tattara kayansu? Ku yi masa takardar haihuwa da sunan ubansa, ku rubuta wasiyya tun da sauran numfashi.

Allah ya raya mana shi, ya raya naku, ya ba masu nema.