An sa inji, mota ta tsaya: laifin wa?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Gaya, kowa ya san amfanin a-kori-kura, wadda wasu ke ce ma bashe. Ita ke fid da rake daga fadamun Bengu da Bana. Ita ke kai shinkafa da dankali kasuwa. Ita ke ɗaukar raguna in Layya ta gabato, kuma ita ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Da can Peugeot 404 da 504 ne sunka cika hanya, balle da anka fara haɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975. Yanzu Toyota Hilux ta fi yawa.

Motocin nan duk tsofaffi ne. Jikin mota na iya shekara 30 shina aiki, amma inji na gajiya. Sabo kuwa ya fi ƙarfin talaka. Cikin watan Janairu 1994 anka karya darajar sefa da rabi, kayan mota na waje sunka yi tsada ƙwarai. Tun daga nan mai mota sai ya nemi ɗan Kwatano, wato injin da anka cire daga wata tsohuwar mota a ƙasar waje, ya zo cikin jirgin ruwa. Ba wanda ya san tafiyar da ya yi kafin ya iso. Sayenshi kamar sayen sa ne da dare.

Wani manomin rake na wajen Bengu ya sayi irin wannan inji a kakar 2024. Motarshi Hilux ce mai shan gazuwal. Injinta ya daɗe shina hayaƙi, shina shan baƙin mai kamar ruwa. Kuɗin hannunshi bai kai ba. Ƙanenshi, makiyayi, ya saida bijimai 2 ya ranta mashi, da alkawarin za a biya in an kwashe rake.

A Malanbil anka samo injin, ta hannun dillali. Gadar Gaya da Malanbil, wadda anka gina cikin 1958, an rufe ta a ƙarshen Yuli 2023, kuma duk cikin 2024 ba a buɗe ta ba. Don haka injin cikin kwalekwale ya ƙetare kogi. Kayan da ya zo haka, in ya ɓaci, maida shi ga mai shi ba abu ne mai sauƙi ba.

Manomi ya kai mota da inji ga wani makaniki a cikin Gaya. Sunka yi ciniki da baki. Makaniki ya ce a ba shi kuɗin aiki duka, shina da buƙata. Manomi ya ba shi. An ce kwana 4, sai da anka yi kwana 11. Duk zuwan da ya yi, yara ne ya tarar ƙarƙashin motar. Maigidansu shina can bisa wata babbar mota. Ranar da anka tada injin kuwa, ƙararshi ta yi daɗi. Makaniki ya buga murfi ya ce: “Alhaji, ka samu mota. Sai Yamai in ka so.”

Ko Doso ba ta kai ba. Daga Gaya zuwa Doso wajen kilomita 150 ne. Anka yi lodin rake, ɗan manomi na tuƙi, uban na gefe. Da sunka wuce Malgoru kaɗan sai mota ta fara rage ƙarfi. Wari ya shigo. Tururi ya taso daga gaba. Yaro ya duba allurar zafi, ya gan ta kwance wajen sanyi, kamar ba a tada mota ba. Ya sauka gefen hanya ya kashe.

Yaron nan ya yi hankali. Bai buɗe murfin radiyata ba sai da inji ya huce, don ruwan da ke ciki na iya tsalle ya ƙone fuska. Bai kwarara ma inji ruwan sanyi ba, don ƙarfe mai zafi na tsagewa. Da ya buɗe, babu ruwa. Ya zaro sandar awon mai, ya ga baƙin mai ya koma kamar kunu. Ruwa ya shiga mai ke nan.

Raken ya kwana bakin hanya. Washegari anka juye shi cikin motar haya, ya isa Doso a makare, anka saye shi da arha. Ita kuma motar anka jawo ta Gaya da igiya.

Tun a bakin hanyar wani mai gyara ya zo da kayan aikinshi. Ya ce a bari ya buɗe, kafin azahar mota ta tashi. Manomi ya ƙi. Duk cikin abin da ya yi, wannan ƙin ya fi amfani. In hannu na biyu ya taɓa aiki, na farko ya samu mafaka. Sai ya ce: ni lafiya na ba ka, wancan ne ya ɓata. Manomi ya sa ɗanshi ya ɗauki hoton gaban motar da wayar hannu, ta kowane gefe, sannan anka rufe.

A garaji makaniki ko leƙawa bai yi ba. Ya ce: “Alhaji, injinka ne ruɓaɓɓe. Ba ni na saye shi ba. Ɗan Kwatano sa'a ne.” Anka kira mai saida inji ta waya. Shi kuma ya ce: “Gaban dillalinku anka tada shi, lafiya lau. Ku tambayi wanda ya ɗora.” Ga mai mota tsakiya, kuɗi sun tafi gida biyu, kowane gida na nuna ɗan'uwanshi.

Ranshi ya ɓaci, ya ce sai jandarma. Wanshi ya tare shi. Ya ce mashi: “Ƙanena, in an rufe shi, wa zai gyara maka mota? Rake na jiran shari'a?” Gaskiya ce ya faɗa. Mugun aiki ba sata ba ne. Kuma makanikai na da babbansu, kamar yadda mahauta ke da sarkin fawa. Can sunka nufa.

Dattijon ya saurari kowa. Ya ce ba ya yanke magana da kunne. Ya sa rana, ya ce kowa ya zo da shaidu 2, a buɗe motar gaban jama'a.

Ranar da anka taru, bai fara da cikin inji ba. Daga waje ya fara, shina bi da hannu sannu sannu. Ya ce akwai cutar da inji ke zuwa da ita daga ƙasarsu, akwai wadda hannu ke sa mashi a nan, kuma ba su kama da juna.

Abin da ya fara zarowa wata siririyar waya ce, an cusa ta bayan wasu wayoyi. Ita ce wayar allurar zafi. Bakinta bai dace da na sabon inji ba, yaron da ya yi aikin ya rasa yadda zai yi, sai ya ɓoye ta. Shi ya sa allura ta kwanta. Inji mai lafiya na aiki da zafin da ya kai wajen 80 zuwa 90 a ma'auni. Ruwa na tafasa a 100 cikin tukunya buɗe. Tsakanin lafiya da ɓarna tazarar kaɗan ce, kuma direba ba shi da wani ido cikin inji sai allurar nan. Da tana aiki, da yaro ya tsaya tun kafin komi ya ƙone.

Dattijo ya ɗaga wayar sama, ya dubi makaniki ya ce: “Ɗana, wannan daga Turai ta zo a cire?” Ba amsa.

Ya gangara ƙasa. Tiyon ruwa na ƙasa ba a ɗaure shi da ƙarfen matsewa ba, da tsinken robar taya anka naɗe shi. Da zafi ya yi, roba ta saki, ruwa ya yi ta ɗiga bisa kwalta. Wajen da inji ke zaune bisa jikin mota, noti ɗaya babu, wani kuma da yatsa ake juya shi. Tiyon iska ya tsage, an liƙe shi da leda. A hanyoyinmu na jar ƙasa, ƙurar da ta shiga ta nan tana cin cikin inji kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Sannan ya sa anka cire radiyata, wadda mutanen Kamba ke ce ma lagireto. Tsohuwar ce anka maida ba wanki. Anka zuba ruwa ta sama, da ƙyar ya sauko. Laka da tsatsa sun toshe ta. Shekara da shekaru ana zuba mata ruwan rijiya, kuma kowa ya san wasu rijiyoyin wajen Fogha, inda ake dafa gishiri, ruwansu ba shi da daɗi ko ga ƙarfe.

Sai daga baya anka buɗe kan inji. Shimfiɗar da ke tsakanin kai da gangar jiki ta ƙone. Ita ce a nan ake ce ma juwan, a Nijeriya gasket. Aikinta raba ruwa da mai da wuta. Kan da kanshi ya ɗan lanƙwashe don zafi. Amma da dattijo ya sa yatsa cikin ramukan fistin, ya ji su sumul, ba kurji, ba gaɓa. Ya ce ma jama'a: “Ku zo ku taɓa. Injin nan da sauranshi. Ƙishirwa ce ta kashe shi.”

Makaniki ya sake magana. Ya ce radiyata ta mai mota ce, kuma ya gaya mashi a canza ta, shi ne ya ƙi don kuɗi. Manomi ya rantse ba a gaya mashi ba. A nan magana ta tsaya cik. Ba shaida, ba takarda. Mutum biyu ne sunka yi ciniki ƙarƙashin bedi, iska ta tafi da abin da sunka ce.

Dattijo ya yanke haka. Makaniki zai sake aiki ba ko dala, don kowa ya ci ladan kuturu ya yi mashi aski. Shi zai sayi sabon juwan, shi zai biya a kai kan inji wajen masu na'ura su daidaita fuskarshi. Kuɗin jan mota a raba biyu. Radiyata kuwa mai mota zai saya, tun da ko ba jima ko ba daɗe sai ya saye ta. Asarar rake ba wanda ya biya.

Wannan bai cika adalci ba. Wanda ya ɓoye waya shi ya jawo asarar rake, kuma manomi ya faɗi haka gaban kowa. Da ya so, da ya wuce gaba. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane, su rubuta takardar sulhu, kuma akwai kotu a Gaya. Amma in an shiga wannan hanya, mota za ta zauna ita ce shaida, ba a taɓa ta. Ga rake tsaye cikin fadama, ga bashin bijimai. Ya yi lissafi, ya karɓa.

Sai dai ya ce wannan karon a rubuta. Shi da kanshi ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci, hannunshi na rawa amma ana karantawa. Ya yago takarda daga littafin ɗanshi. Ya rubuta lambar da ke buge jikin injin. Ya rubuta kowane aiki da sunanshi, da wanda zai biya, da ranar gamawa. Ya rubuta cewa maigida ne zai ɗaure kan inji da hannunshi, ba yara ba. Da anka zo sunayen kaya sai anka yi ta dariya, don abu ɗaya na da sunan Faransanci wajen makaniki, da na Ingilishi wajen mai kanti a Kamba. Anka rubuta duka biyu. Makaniki ya sa hannu, shaidu sunka dangwala yatsa.

Ɗaurin kan inji ba aikin ƙarfi ba ne. Ƙusoshin na da tsari, daga tsakiya ake farawa a fito waje, kuma kowace na da iyakar matsewa. Akwai sifana mai awo don wannan aiki. Garajin ba su da ita, dattijo ne ya ba su aro. Wannan ma abin dubawa ne. Yawancin masu gyaranmu ba macuta ba ne. Da ido sunka koyi aiki, kayan aikinsu kaɗan ne, masu mota kuma na matsa masu da sauri da neman ragi. Amma duk wannan bai wanke wanda ya ga waya ba ta shiga ba, ya ɓoye ta ya yi shiru.

Dattijo ya ƙara shawara ɗaya. Irin wannan inji na da bel mai haƙora a ciki, wanda ke daidaita tafiyar sama da ƙasa. Ƙa'idarshi a canza shi duk kilomita 100.000. In ya tsinke ana tafiya, ƙarafan ciki na karo da juna. Tun da ba wanda ya san shekarun na ɗan Kwatano, gara a sa sabo yanzu da inji ke buɗe. Manomi ya saida buhun shinkafa ya saya.

Aiki ya ƙare cikin kwana 6. Kafin a karɓi mota, anka loda mata buhunan rairayi daidai nauyin rake. Makaniki ya zauna gaba, kusa da direba, da rana tsaka. Sunka je Malgoru sunka dawo. Allura ta tashi ta tsaya tsakiya. Anka aje motar bisa busasshiyar ƙasa har safe, anka duba ƙarƙashinta, ba ɗigon ruwa, ba na mai.

Kafin rake ya ƙare motar ta yi zuwa Doso sau 9. Manomi ya biya ƙanenshi kuɗin sa ɗaya. Na biyun sunka aje sai kaka mai zuwa. Takardar tana nan cikin akwatin gaban mota, naɗe cikin leda, tare da takardun duwan. Wani maƙwabcinshi da zai kai injin ban ruwa gyara ya zo ya kwafe ta, ya canza sunayen kaya kawai, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: rabin kuɗi yanzu, rabi bayan gwaji.